Kowa Ya San Hulata, Ban da Ni

Ni mutumin ƙasar Argungu ne, an haife ni a wani ƙauye da ke bakin fadamar gulbin da ya gangaro daga Sakkwato ya ratsa Argungu ya nufi Birnin Kebbi. Kamar kowane ɗan yankinmu, na tashi na tarar da shinkafa ita ce tuwonmu, ita ce kuɗinmu, da ita kuma ake auna ƙwazon saurayi idan ya je neman aure. Sai dai ni ban rayu a kan noma kaɗai ba, domin na yi shekara 26 ina koyarwa a makarantar firamare, 11 daga cikinsu ina hedimasta, kafin in ajiye alli in koma gonar da mahaifina ya bar mini. Na kawo batun koyarwar ne tun da wuri saboda daga baya na gane cewa a nan ne tushen abin da zan ba da labari yake.

A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa ƙananan manoma rance, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Tsarin ya buƙaci manoma su haɗu rukuni-rukuni suna tsaya wa juna, kowa ya buɗe asusun banki ya mallaki lambar BVN, sannan a ba shi iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, idan ya girbe ya biya da shanshera. Aiki ne na takardu da sa hannu da zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni, mutanenmu kuwa mafi yawansu karatun allo suka yi. Saboda haka da rukunonin ƙauyenmu da na ƙauyuka biyu maƙwabta suka haɗe suka zama ƙungiya ɗaya mai mutum 74, ba a ɓata lokaci ba wajen neman shugaba. Aka ce ga Malam nan, ya san boko, ba a kuma taɓa jin sa da cin kuɗin makaranta ba. Tun daga ranar sunana ya koma Ciyaman.

Shekarun farko sun yi albarka. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar haɗin gwiwar Kebbi da Legas mai suna Lake Rice, a 2017 aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a nan Argungu, da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 kuma sai shinkafar gida ta ƙara daraja. Mutanen da a da suke tafiya cin rani suka tsaya gida noman rani, wasu suka rufe ɗakunansu da kwano, wasu suka sayi babur, wasu suka ƙara aure. Dukkan waɗannan dalilai ne da suka fi ƙarfin ƙauyenmu, amma a zuciyata, ban ɓoye ba, na ɗauki rabin nasarar na jingina ta ga iya shugabancina.

Da a lokacin an tambaye ni wane irin shugaba ne ni, da na amsa da gaskiyar zuciyata cewa ni mutum ne mai haƙuri, mai shawara, mai riƙon amana. Na ukun gaskiya ne, kuma har gobe ina gode wa Allah a kansa, domin ko kwabo na ƙungiya bai taɓa shiga aljihuna ba. To amma wannan amanar ita ce ta zame mini labule. Tun da na ga ana zargin shugabanni da sata ni kuwa ba na yi, sai na ɗauka babu sauran wani laifi da shugaba zai iya yi. Duk wanda ya saɓa mini sai in fassara shi da ɗayan biyu, ko dai bai fahimci lissafin ba ne, ko kuwa akwai abin da yake nema wanda na hana shi.

Muna yin taronmu ne bayan sallar La'asar a ƙarƙashin wata darbejiya a filin makaranta. Ni nake buɗewa, ni nake bayyana matsala, ni nake faɗin abin da na ga ya dace, sannan in ɗaga kai in ce, "Akwai mai magana?" Sai wuri ya yi tsit. Sai in ce, "To, mun amince ke nan," sakatare ya rubuta, a yi fatiha a watse. Shekara biyar ina komawa gida ina yaba wa kaina cewa babu ƙungiyar da ta kai tamu haɗin kai.

A watan Yuni na 2020 muka tara buhu 310 na shanshera daga girbin rani, wanda da shi za mu rage bashin da ke kanmu. Na ga cewa idan muka jinkirta sayarwa zuwa ƙarshen damina farashi zai hau, mu biya bashi har mu ga rara. Na kuma samo wani sito na haya a gefen fadama, mai araha, wanda mota ke iya zuwa har ƙofarsa. Aka yi taro, aka amince kamar kullum, aka kwashe buhunan aka jibge a can.

A ƙarshen watan Agusta zuwa farkon Satumba ruwa ya zo. Duk wanda yake Kebbi a shekarar nan ba ya buƙatar a ba shi labari: gulbi ya tumbatsa, fadama ta koma teku, gadoji da hanyoyi suka karye, rahotanni kuma suka ce kimanin hekta 450,000 na shinkafa ruwa ya shanye a jihar. Sai da muka yi kwana 9 kafin mu iya kaiwa ga siton a cikin kwalekwale. Da aka ɓalle ƙofar, warin da ya fito shi ne abin da ba zan manta ba, warin tsami irin na hatsin da ya jiƙe ya ruɓe. Layukan buhu na ƙasa sun kumbura sun yage, na tsakiya kuwa shinkafar ta tsiro ta cikin ramukan buhun, fararen saiwoyi sun fito kamar gemun tsoho. Abin da muka tsira da shi bai kai kashi ɗaya cikin uku ba.

Da muka zauna bayan haka, na shirya wa zargi, amma babu wanda ya zarge ni. Kowa ya ce ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri. Na karɓi wannan da hannu biyu, domin ai jihar gaba ɗaya ruwa ya ci, ni wane ne da zan tsare gulbi.

Bayan mako biyu ina buƙatar rubuta bayanin asarar ga waɗanda ke bin mu bashi, sai na nemi sakatare ya kawo mini rubutun taron da aka yanke shawarar siton. Yaro ne da na koyar a aji huɗu, mai ladabi ƙwarai. Ya sunkuyar da kai ya ce ranar ya manta littafinsa, don haka da wayarsa ya naɗi taron da niyyar ya kwafe daga baya, bai kuwa samu ya kwafe ba. Na ce ya turo mini. Na lura ya yi jinkiri, amma ban kawo komai a raina ba.

Da dare bayan Isha'i na zauna a zaure na kunna. Abu na farko da ya ba ni mamaki shi ne muryata. Ban taɓa sanin haka take ba, mai kaifi, mai hawa a ƙarshen kowace jimla, irin muryar da ake yi wa ɗan aji uku wanda bai yi aikin gida ba. Naɗin minti 52 ne, daga baya kuma da na sake saurare da agogo a hannu na ƙirga, maganar dukkan sauran mutanen da suka halarta ba ta cika minti 7 ba. A minti na 19 na ji muryar wani dattijo, sa'an mahaifina, wanda tun kafin a haife ni yake noma a wannan fadama. Ya ce, "Ciyaman, wanga wuri, shekara goma da sunka wuce, ni da idona..." Sai na ji kaina na katse shi: "Baba, wancan zamani daban, yanzu da lissafi muke aiki." Ambaliyar 2010 yake so ya tuna mini. Ya sake gwadawa a minti na 31, na ce ya bari in gama. Ya gwada na uku dab da rufewa, na ce lokacin Magariba ya gabato. Wallahi, kafin wannan dare, da an rantsar da ni da na rantse cewa babu wanda ya yi ko tari a taron nan.

Sakatare bai kashe wayar ba bayan fatiha, ya jefa ta a aljihu ne kawai, don haka akwai ƙarin minti huɗu na ƙarar takalma da maganganu a kan hanya. Na ji wani ya ce, "Ai tun da ya tura hula baya na san magana ta ƙare." Aka yi dariya. Wani ya ce, "Hedimasta ke nan, mu ne 'yan ajin." Aka sake dariya. Sai dattijon nan ya ce, a hankali, ba tare da fushi ba, "Ku bar shi. Ba mugu na ba, bai dai san kainai ba."

Zan so in ce nan take na yi nadama, amma ba haka aka yi ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne fushi. Na ce ashe munafukai nake shugabanta, masu cewa to a gabana su yi dariya a bayana. Na yanke shawarar da safe zan sauke sakatare saboda naɗar mutane ba da izini ba. Na shiga cikin gida ina huci, na ba uwargidana labari ina jiran ta taya ni. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Malam, taɓa kanka ka ji." Na kai hannu. Hular tana can ƙeya, goshina a buɗe. Ta ce, "Ai ko Auta ya san ta. In ka shigo da ita a haka, ba mai tambayarka kuɗin makaranta sai gobe." Shekara 29 muna tare a lokacin. Na ce me ya hana ta faɗa mini tuntuni. Ta ce ta faɗa sau biyu a farkon aure, duka biyun kuma hular ce ta amsa mata.

Wannan ne ya karya ni, ba naɗin ba. Mutum 74 za su iya zama munafukai a tunanina, amma ba zan iya sa matata da ɗan autana a cikinsu ba. Hausawa sun ce gwano ba ya jin warin jikinsa, na kuwa sha faɗa wa ɗalibai wannan karin magana a kan allo, ban taɓa zaton da ni ake ba.

Washegari na tafi gidan dattijon. Na same shi yana gyaran koma a ƙofar gida, domin yawancin manomanmu masunta ne kuma. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo neman gafara, na ji abin da ka so ka faɗa mini." Bai ɗaga kai daga komar ba, ya ce ya yafe tun ranar. Na ce me ya sa bai same ni a gida ya nanata mini ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya riga ya san amsa ba a kai mishi labari." Daga nan ya tashi ya kai ni bayan gidansa ya nuna mini wani tsohon icce da ya yi wa tsaga da wuƙa a duk shekarar da ruwa ya yi yawa, kowace tsaga a daidai inda ruwan ya tsaya. Tsagar 2010 ta kai ƙirjina. Wato lissafin da na yi taƙama da shi, shi ya riga ni yin sa, a jikin icce ne kawai ba a takarda ba.

Na kai damuwata ga wani malami da nake ɗaukar karatu a zaurensa. Ya ce mini Imam Gazali ya yi bayanin hanyoyin da mutum ke sanin aibinsa, daga ciki akwai amintaccen aboki da za ka ɗora wa aikin lura da kai, akwai kuma harshen maƙiyi, domin idon mai jin haushinka yana ganin abin da idon masoyi ke rufewa. Ya tuna mini abin da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, cewa yana roƙa wa duk wanda ya kawo masa aibinsa rahama, kamar wanda ya kawo masa kyauta. Ya ƙara da cewa ko Shehu Usmanu da darajarsa bai zauna babu mai ba shi shawara ba, ga ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu a gefensa. Sannan ya yi murmushi ya ce ni Allah Ya hutar da ni, tun da ga harshen masu dariya an kawo mini har cikin zaure kyauta.

Gwajina na farko bai yi nasara ba. A taro na gaba na miƙe na ce duk wanda ya san wani aibi nawa ya faɗa, ba zan yi fushi ba. Aka yi shiru, sannan wani ya ce aibina ɗaya ne, na cika wahalar da kaina saboda jama'a. Aka yi kabbara. Na gane cewa mutanen da ka shekara biyar kana rufe wa baki ba za su buɗe shi ba don ka ba da umarni a buɗe, domin wannan ma wani umarnin ne.

Abin da ya yi aiki ƙananan abubuwa ne. Na roƙi jama'a izinin a riƙa naɗar kowane taro, ina kuma sauraronsa ni kaɗai da dare, ina rubuta a wani littafin makaranta sau nawa na katse mutum da kuma wa na katse. A nan na gano abin da ya fi hular muni: ba kowa nake katsewa ba. Masu manyan gonaki da waɗanda suka yi boko ina barin su su kai aya, tsofaffi da masu ƙaramin fili da mutanen ƙauyen da ya fi nisa su ne nake yanke wa magana. Ni da nake kiran kaina adali. Na kuma lura cewa mafi munin tarukana su ne waɗanda na shigo kai tsaye daga Birnin Kebbi, da gajiyar hanya da ɓacin ran jiran layi, sai in sauke wa waɗanda ba su ji ba su gani ba. Saboda haka na daina sa taro a ranar da na yi tafiya.

Na sauya tsarin magana, ya zama ni ne na ƙarshe. In na bayyana matsala sai in kame bakina, a fara daga mafi ƙanƙantar gona zuwa sama, domin na fahimci cewa da zarar shugaba ya nuna inda ya karkata, sauran ba shawara suke bayarwa ba, gaisuwa suke yi. A manyan al'amura kuma nakan tashi in ba su wuri su tattauna, mataimakina ya kawo mini abin da suka tsayar. Tambayata ma ta sauya. Maimakon in ce akwai mai magana, sai in kira mutum in ce, "Idan wannan shawara ta lalace, ta ina kake ganin za ta fara lalacewa?" Wannan tambaya ba ta neman kowa ya yi mini tsaurin ido, don haka ake amsa ta. Sakataren da na so in sauke kuwa, shi na ɗora wa aiki mafi nauyi: muka yi yarjejeniya cewa duk lokacin da ya ga na fara hawa, ya taɓa tasa hular. Watanni uku na farko bai iya ba, kunya ta hana shi, sai da na yi masa barazanar cewa rashin taɓawar shi ne rashin ladabin.

A cikin wannan bincike ne na gano daga ina halin ya fito. Shekara 26 na yi ina tsaye a gaban yara waɗanda ni kaɗai na san amsa a cikinsu, shirunsu kuma shi ne alamar cewa aji yana tafiya daidai. Na kwaso ajin nan ɗungurungum na kai shi fadama, na zaunar da dattawa a kan benci. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan wanda ya fi wuyar faɗa. A cikin manoman nan ni ne mafi ƙarancin sanin noma, na kuwa san haka a can cikin raina, don haka duk lokacin da wani ya kawo hujja daga gona sai in ji kamar ana tona mini asiri, in yi maza in ja maganar zuwa takarda, inda babu mai kamo ni. Abin da nake kira tabbaci, tsoro ne ya sa babbar riga.

Jarrabawa ta zo a 2023. Bayan sanarwar cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a cikin 'yan kwanaki, noman rani kuwa a wurinmu da fetur yake numfashi, domin inji ne ke jawo ruwa daga rijiyoyin fadama. Na yi lissafina na gamsu cewa mu kwashe ajiyar ƙungiya mu sayi injinan sola. Na kai maganar taro, na yi shiru kamar yadda na saba wa kaina. Wani matashi mai rabin hekta ya ce shi tsoronsa ɓarayi, wa zai kwana a fadama yana gadin faifan sola, kuma idan hazon hunturu ya rufe rana ruwan zai ishi gona? Na ji zafi ya taso mini daga wuya, hannuna ya kama hanya. A daidai lokacin na hangi sakatare ya ɗora yatsa biyu a kan hularsa yana kallon ƙasa. Na mayar da hannun kan gwiwa na ce wa yaron ya ci gaba. Aka tsayar da cewa a gwada a gonaki biyu kawai, sauran kuɗin a bar su.

Gwajin ya yi kyau a gona ɗaya, a ɗayar kuma aka sace faifai biyu a mako na shida. Ni da yaron kowa ya ci rabin gaskiya. Abin da na rubuta a littafina a daren da aka kawo rahoto shi ne cewa na shafe taron gaba ɗaya ina ƙaiƙayin in ambaci gonar da ta yi kyau, ban kuwa ji ƙaiƙayin ambaton wadda aka yi wa sata ba.

Dattijon nan ya rasu a damina ta 2024, Allah Ya jiƙansa da rahama. A ƙarshen shekarar na sauka daga shugabanci bayan shekara 9, aka zaɓi mataimakina, ni kuma na koma cikin masu zama a tabarma. A taron watan jiya sabon shugaba yana bayanin rabon taki, na ga ya yi kuskure a lissafi, kafin in ankara na tsinci muryata a tsakiyar jimlarsa. Mutum uku ne suka taɓa hulunansu a lokaci ɗaya, ɗaya daga cikinsu ma ban san ya san da yarjejeniyar ba. Na ce, "Ciyaman, a gafarce ni, ƙarasa." Ya ƙarasa, kuma kafin ya kai ƙarshe shi da kansa ya gano kuskuren ya gyara.